Rahoton Shekara ga Mambobi kan Tsuntsaye da Masu Jan Ciki a Hanyoyin Karkarar Daura

Assalamu alaikum. Ya ku iyayen ƙungiya da sauran 'yan uwa mambobi, kwamitin gudanarwa ya ɗora wa ofishin sakatare nauyin gabatar muku da bayanin abin da aka yi a shekarar da ta ƙare, kuma ga shi kamar yadda littafin fita ya nuna.

Za ku tuna cewa a taron bara an yi doguwar muhawara kan abin da ya kamata mu sa a gaba, har aka tsaya a kan cewa ba za a ƙara karɓar hoto a ma'ajiyar ƙungiya ba sai an haɗo shi da sunan wurin da aka ɗauka, da ranar, da lokacin, da irin itacen ko ruwan da aka sami halittar a kai, da kuma sunan da mutanen wurin ke kiran ta da shi. Wasu daga cikin matasanmu sun ɗauki wannan a matsayin takura. A ganin kwamiti, shi ne abu mafi amfani da muka yi a bana, domin a da muna da tarin hotuna masu kyau waɗanda ba wanda zai iya rantsuwa a ina aka ɗauke su, yanzu kuwa ko hoton waya mai dishi-dishi yana iya zama shaida idan bayaninsa ya cika.

Yawancin fitarmu ta kasance a hanyar Daura zuwa Mashi, da ta Zango zuwa Ɓaure, da ta Sandamu, sai kuma bakin dam ɗin Sabke da na Daberam. Mukan tashi bayan sallar asuba a kan babura, mu dawo kafin rana ta take, saboda da hantsi ya yi tsuntsaye sun shige inuwa, hasken kuma ya yi kaifin da yake wanke launi daga hoto. Ba mu leƙa yammacin jihar Katsina ba, wato ɓangaren Batsari da Safana da bakin dajin Rugu, saboda halin tsaro, kuma kwamiti bai ba kowa izinin zuwa can da sunan ƙungiya ba.

Aikin da ya fi ɗaukar hankalinmu a farkon damina shi ne bibiyar shamuwa. Tsuntsuwa ce da ke yin rani a gabashi da kudancin Afirka, ta dawo mana gab da saukar ruwa ta yi sheƙa a kan kuka ko tsamiya ko gawo a tsakiyar gari, ta ci fara da tsutsa a gonaki, sa'an nan ta juya idan kaka ta yi. Mun roƙi mambobin da ke zaune a ƙauyuka su rubuta ranar da suka fara ganin ta da adadin sheƙar da ke kan kowane itace. Abin da ya ba mu sha'awa shi ne yadda dattawan garuruwan suka riga mu wannan aiki ba tare da alƙalami ba: sun san itacen da take sauka tun suna yara, sun san wanda aka sare ta daina zuwa, kuma yaro ba ya harbin ta da danƙo a gabansu. A wannan lokaci ne kuma aka samu hotunan balbela da jan gashin da ke fito mata a ka da ƙirji lokacin ƙwai, wanda da yawa daga cikinmu ba su taɓa lura da shi ba duk da kullum muna ganin ta a bayan shanu.

Batun ungulu kuwa ba mai daɗin ji ba ne. Duk wanda ya haura shekara arba'in a cikinmu ya tashi yana ganin ungulaye jere a kan katangar mayanka da rumfunan mahauta ranar kasuwa. A bana mun ware fita ta musamman zuwa mayankun kasuwannin ƙauye, kuma sau da yawa mun dawo ba mu ga ko ɗaya ba, sai hankaki da shirwa. Tun shekarar 2015 aka sanya irin ungulun da muka saba da ita cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: ana kama ta a sayar da kai da ƙafafu ga masu haɗa magani, tana mutuwa idan ta ci mushen da aka sa wa guba, ana kuma sare dogayen itatuwan da take sheƙa a kai. Ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, don haka duk wadda aka kashe ba a mayar da gurbinta da wuri. Saboda haka kwamiti ya hana sanya sunan wurin da aka ga sheƙar ungulu a Facebook ko WhatsApp. Za a rubuta shi a littafin ƙungiya kawai, kada hotonmu ya zama ja-gora ga mai farauta.

Gauraka da burtu ba su shiga littafinmu ba ko sau ɗaya. Wani tsohon maharbi da muka zauna da shi ya fito mana da kan burtun da yake ɗaurawa a goshi ya yi rarrafe cikin ciyawa don yaudarar namun daji, ya kuma ce ya manta rabon da ya ga mai rai. Mun ɗauki hoton kan da izininsa.

Da sanyi ya shigo mun koma bakin ruwa, inda aka samu zalɓe da kirinjijiya da zakaran ƙeƙuwa, tare da ƙananan tsuntsayen bakin taɓo da ke ƙetaro Sahara daga Turai su yi hunturu a wajenmu. Hazo ya ɓata mana hotuna da yawa, ƙura kuma ta shiga kyamarar ƙungiya har sai da aka kai ta Kano gyara.

A ɓangaren masu jan ciki, ƙadangare da kulɓa da tsaka ba su yi wuya ba. An samu guza a bakin dam, an kuma samu damo a gefen gona bayan ruwan farko, lokacin da yake fitowa daga ramin da ya yi rani a ciki. Kirarinsa na sarkin haƙuri ya tabbata, domin ya tsaya cik har kowa ya ɗauka ya ƙoshi. Hawainiya ce ta fi ba mu tausayi, saboda yawancin waɗanda muka gani a kan kwalta mota ta riga ta take su, tafiyar tata ba ta ƙetare titi da sauri. Muna rubuta irin waɗannan ma, domin gawa a hanya ita ma shaida ce cewa halittar tana yankin.

Garin da tarihinsa ya ƙunshi macijin rijiyar Kusugu ba ya buƙatar a koya masa tsoron maciji, amma dole a maimaita doka. Kububuwa ƙarama ce, launinta ya saje da ƙasa, tana goga jikinta ta yi ƙara idan ta fusata, kuma dafinta yana hana jini daskarewa. Cikin macizai, ita ce ta fi kashe manoma a arewacin ƙasar nan. Ba a yarda mamba ya ɗaga dutse ko ya sa hannu a rami ko ya matsa kusa da kasa ko kumurci don neman hoto ba, kuma ba a fita da silifa. Idan tsautsayi ya faɗa, ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure tamau, asibiti ake nufa kai tsaye. Alhamdu lillahi, ba a sari kowa ba a bana.

Matsala ɗaya da muka fuskanta ita ce tsare wasu mambobi biyu da 'yan sintirin wani ƙauye suka yi na ɗan lokaci, bayan sun gan su da madubin hangen nesa a bayan gari. Laifin namu ne, domin ba a fara gaida mai gari ba, kuma a irin wannan zamani ba za a zargi mutane don sun yi shakkar baƙo ba. Daga yanzu kowace tawaga za ta fara sauka a ƙofar dagaci ko mai unguwa da takardar ƙungiya, kuma an hana ɗaga kyamara kusa da shingen jami'an tsaro, musamman a hanyar Kongolam da ke kan iyakar Nijar.

Ma'aji zai karanta bayanin kuɗi dabam, sai dai tsadar man fetur ta sa an soke wasu fita, kuma ziyarar da aka shirya zuwa dausayin Haɗeja da Nguru ba ta yiwu ba, an ɗage ta zuwa sanyi mai zuwa. Ana roƙon waɗanda ake bi kuɗin wata su biya kafin taro na gaba, waɗanda kuma littattafan fita ke hannunsu su miƙa wa sakatare kafin shamuwa ta dawo, domin a raba sababbi ga wakilan ƙauyuka.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin gudanarwa, Daura.