Wasiƙa ga ɗana lauya a kan mujallar kimiyya

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da mai ɗakinka da jikokina. Mu nan sai godiyar Allah. Ƙafar mahaifiyarka ta yi sauƙi har ta koma islamiyya, ruwa kuma ya zauna, gero ya soma fid da kai.

Tambayar da ka yi mini a waya ranar Juma'a ban ba ta haƙƙinta ba, lokacin ina bakin ƙofa, liman ya kusa hawa mumbari. Ka ce kana so ka biya kuɗin shekara na mujallar Scientific American, amma kana tsoron zuba dala a kan abin da zai ƙare a ƙarƙashin tebur yana shan ƙura, tunda kai lauya ne, rabonka da kimiyya tun jarrabawar fita sakandare, ita ma mun san yadda aka kwashe. Shi ya sa na ɗauko biro. Ni ma ba masanin kimiyya ba ne, labarin ƙasa na koyar shekara talatin da biyar, amma na fi shekara arba'in ina bibiyar mujallar nan, wani lokaci a jere, wani lokaci sai abin da ya faɗo hannuna wurin masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi.

A kwalejin horon malamai na fara ganin ta. Can ƙuryar laburare, bayan wata kanta da ba mai leƙawa, akwai tsofaffin fitowa an ɗaure da igiyar rama, wani Bature da ya koyar a wurin ne ya bar su da zai koma gida. Ƙurar hunturu ta yi musu bargo. Na zaro ɗaya don takardarta mai santsi ce, ina neman abin da zan yi wa littafina bango. Fitowar Oktoba 1970 ce. Ina buɗewa sai ga taswirar duniya iri-iri a jere: ta farko duk nahiyoyi a manne wuri guda, ta biyu sun soma tsagewa, a haka a haka har suka iso inda muke ganin su yau. Masana biyu suka rubuta bayanin, Robert Dietz da John Holden. Turancin ya fi ƙarfina, rabin kalmomin ba su cikin ɗan ƙamus ɗina, amma zanen bai nemi tafinta ba. A daren na kwafi Afirka da Kudancin Amurka a takarda mai shara-shara, na yanke su da reza a gaban fitilar ƙwai, na tura ƙullutun Birazil cikin lungun tekun Gini, wajen Legas da Fatakwal. Ya zauna kamar murfi a bakin tukunyarsa. Na daɗe ina kallo, har abokin ɗakina ya ce in kashe fitila kananzir ba na ubana ba ne. Daga baya na karanta cewa kwarin Binuwai ɗin nan namu ma tabon wannan rabuwa ne, tsaga ce da ta soma buɗewa fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, sai ta tsaya ba ta zama teku ba. Tekun Atilantika kuwa har gobe ƙara faɗi yake yi, 'yan santimitoci a shekara, kusan yadda farcenka ke tsirowa. Da 'yan takardun nan biyu na koyar da wannan darasi har na yi ritaya. Kai ma na nuna maka kana aji huɗu, ka tambaye ni ko za mu iya tafiya Birazil da ƙafa. Littafin nawa dai bai samu bango ba.

Can wajen ƙarshen wannan fitowa akwai filin wasannin lissafi na wani Martin Gardner. A watan ya kawo wasan da wani masanin lissafi ɗan Ingila, John Conway, ya ƙirƙira. Gidaje ne kamar na dara. Dutsen da yake da maƙwabta biyu ko uku ya zauna, wanda bai kai haka ba ko ya wuce haka a cire shi, gidan da ba kowa kuma in duwatsu uku cif sun kewaye shi a sa masa sabo. Dokar ke nan gaba ɗaya. Muka haƙa ramuka a bayan ɗakin kwana muka gwada da tsakuwa. Uku a jere a kwance, zagaye na gaba su miƙe tsaye, na gaba su koma kwance, ba iyaka. Wasu biyar kuma in ka jera su daidai sai su yi ta rarrafe suna tsallaka fili kamar ƙadangare. Abin da ya sa na kawo maka Gardner shi ne, mutumin ya riƙe filin nan kusan shekara 25, daga 1956 zuwa 1981, alhali falsafa ya karanta a jami'a, lissafinsa na makaranta bai wuce na sakandare ba. Sai ya sha wahala ya gane abu kafin ya rubuta, shi ya sa ya san inda irinmu za su yi tuntuɓe.

To amma kada in yi maka daɗin baki. Manyan maƙaloli wajen takwas ne a fitowar, biyu na ci moriyarsu. Sauran na leƙa na fito. Akwai wata da na tarar a wata fitowa a kan abubuwan da ke cikin ƙwayar zarra, sau uku ina faro ta, duk a shafi na biyu nake maƙalewa, kamar mota a yashi. Har yau ban gama ta ba.

Dalili yana cikin tarihinta. A 1845 wani Rufus Porter ya kafa ta a Amurka, jarida ce mai shafi huɗu da ke fitowa mako-mako tana ba da labarin sababbin injuna da ƙere-ƙere, kuma babu mujallar da ta kai ta daɗewa tana fitowa ba yankewa a ƙasar. A 1948 wasu 'yan jarida, Gerard Piel da Dennis Flanagan da abokinsu, suka saye ta suka canza mata zubi: mai binciken da kansa zai rubuta, edita ya sassaƙe, masu zane su zana. Mai karatun da suka hanga shi ne mutum mai ilimi wanda fannin ba nasa ba ne, kamar likita yana karanta mai nazarin taurari. Albert Einstein ya rubuta musu a fitowar Afrilu 1950, kuma ina tabbatar maka ba abin karantawa bayan cin tuwo ba ne. A wannan watan ne kuma hukumar makamashin nukiliya ta Amurka ta sa aka ƙone kwafi 3,000 saboda bayanin Hans Bethe a kan bam ɗin haidurojin, sai da aka cire wasu layuka aka sake bugawa. Mujallar da gwamnati ke ƙonawa don abin da masani ya faɗa, ka san ba ta yara ba ce.

Ta yau ta fi waccan laushi. 'Yan jarida masu rubutun kimiyya sun yawaita a ciki, gajerun labarai sun cika farkonta, lissafi ya ragu. Tsofaffin masu karatu suna ƙorafi wai an tsinka kunun da ruwa. Ni ma wani lokaci ina jin haka, amma kai wannan tsinkin alheri ne a gare ka. Mutumin da yake karanta hukuncin kotun ƙoli mai shafi ɗari ya tsamo inda alƙali ya kauce, ba zai kasa bin shafi shida a kan sauro da zazzaɓin cizonsa ba. Abin da zai fi damunka, a ganina, misalansu ne. Don mutanensu suke rubutu, sai su auna maka abu da filin wasan da ba ka taɓa gani ba, ko su kwatanta da dusar ƙanƙara. Wannan sai haƙuri. Tunda Larabcinka ya fi nawa, ka sani a Kuwait sun fara fassara ta tun 1986 da sunan Majallatul Ulum, in ka ci karo da tsofaffin fitowa ka gwada.

Akwai 'yan'uwanta. New Scientist ta Landan, wadda aka fara a 1956, mako-mako take fitowa, labaranta gajeru, ta fi sauƙin haɗiya ga mai aiki irinka, sai dai bangonta yakan yi alkawarin da cikinta bai cika ba. Yara kuwa National Geographic ta fi dacewa da su, ita tun 1888 take, hotunanta kaɗai sun isa su zaunar da autarka awa guda. Nature kada ma ka fara. Wannan masu bincike ne ke magana da junansu, mu 'yan kallo ne.

Yanzu ga abin da ya fi tsaya mini a rai, ya fi maganar kuɗin. Mujalla labari take kawowa, labari kuma ba hukunci ba ne. Kai ka fi ni sanin bambancin shaidar da aka gabatar da hukuncin da aka yanke. A Satumba 2011 masu bincike suka sanar cewa wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira niyutirino, waɗanda aka harba daga cibiyar CERN kusa da Janiba zuwa wani ɗakin gwaji a ƙarƙashin dutsen Gran Sasso a Italiya, tafiyar kilomita 730, sun riga haske isa. Duniya ta ɗauka, kowace jarida da nata kanun, wai an kayar da Einstein, wanda ya ce ba abin da ya fi haske gudu. Ni kaina na ba da labarin a majalisarmu ta bayan la'asar, da ƙarfin gwiwa kuwa. Ba a yi wata shida ba aka gano kuskuren awo ne, wata wayar haske ce a na'urorinsu ba a ɗaura ta da kyau ba. Su masu binciken tun farko sun ce a zo a duba musu, ba su rantse ba, mu masu ɗaukar labari ne muka rantse a madadinsu. Har yau akwai wani abokina da in na kawo zance sai ya ce, "Malam, an duba wayar?" Haka kuma duniyoyi tara na koya wa yara shekara da shekaru, sai a Agusta 2006 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta zauna a birnin Prague ta sauke Fuluto daga sahu, suka koma takwas. Fuluto bai motsa daga inda yake ba, ma'anar kalmar aka gyara.

Saboda haka in ka karanta an gano maganin kaza, ka nemi layin da ya faɗi a kan wa aka gwada. Sau da yawa za ka tarar ɓeraye ne, ko mutum ashirin. Kuma ina roƙon ka, kada ka bugo wa mahaifiyarka waya ka ce ta rage maganin hawan jininta don ka ga wani abu a mujalla. Ka san ta, maganarka ta fi ta likita nauyi a wurinta.

Za ka kuma tarar da zance a kan asalin ɗan Adam da shekarun duniya wanda ba shi ka ji a makarantar allo ba. Ni ban taɓa rufe shafi don haka ba, ban kuma fasa sallar asuba ba. Ka karanta ka san me suke cewa da hujjar da suka dogara a kanta, abin da ya shige maka duhu ka kai wa malamin da ya san ɓangarorin biyu, kada ka kai shi dandalin musu na waya inda kowa mufti ne. Siyasa ma takan leƙo. A 2020 mujallar ta fito ta goyi bayan Joe Biden a zaɓen Amurka, karo na farko da ta yi haka cikin shekara 175. Ko ka ga dacewar hakan ko ba ka gani ba, ka dai riƙa duba saman shafi ka san ko ra'ayin editoci kake karantawa ko rahoton bincike.

Game da kuɗin, kada ka yi cinikin biri a sama. Da yadda naira take a gaban dala, biyan shekara guda ba abin yi da ka ba ne. Ka samo fitowa uku tukuna, ko aro ko a intanet. Kowace maƙala ka fara da hotuna da ɗan bayanin da ke ƙarƙashinsu, sannan sakin layi na farko da na ƙarshe. In ta kama ka, ka shiga. In ba ta kama ka ba, wuce, ba jarrabawa za a yi maka ba. Wadda ka gama kuwa, da daddare ka ba mai ɗakinka labarinta da Hausa zalla, ba tare da ka jefa Turanci ba. Inda harshenka ya sarƙe, nan ne ba ka gane ba, sai ka koma. Ni mahaifiyarka ce ma'aunina. Ranar da na yi mata bayanin nahiyoyin nan tana tankaɗe, ta ce to ashe ƙasa ma kamar ɓawon tuwo take a kan ruwan zafi, na san darasin ya zauna, da misalinta na shiga aji washegari. In a kowace fitowa cikin ukun ka samu maƙala biyu da ka iya mayarwa haka, biya kuɗinka, ta dace da kai. In ko ɗaya ba ka samu ba, gwada ta Landan ɗin. Kuma in za ka biya, ka zaɓi ta takarda in da halin ta iso ka, don ta waya kai kaɗai za ka gani, ta takarda kuwa yaro zai tsince ta a kan kujera.

Fitowar Oktoba 1970 ɗin tana nan a akwatina. Da aka zo kwashe tsofaffin takardun laburaren za a kai wa masu ƙosai, na roƙa aka ba ni. Gara ta taɓa gefenta kaɗan, amma taswirorin suna nan lafiya. Ƙanwarka za ta shigo wajenku ranar Laraba, zan ba ta ta kawo maka tare da daddawa da kukar da mahaifiyarka ta haɗa. Ka sa babban yaronka ya yanka nasa Birazil ɗin, da almakashi, kada ka ba shi reza. Aro na ba ka, in za ku zo sallah ka dawo mini da ita.

Ka gaida mai ɗakinka da yaran. Allah ya yi muku albarka.

Mahaifinka