Rahoton Ayyukan Shekara ga 'Yan Ƙungiyarmu ta Kafintoci

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Iyayenmu a sana'a, 'yan uwa masu shaguna da ƙannenmu masu koyo, barkanmu da ganin ƙarshen wannan shekara lafiya. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu, Ya kyautata namu zuwan. Ga abin da kwamiti ya ba ni umarnin in gabatar muku.

Abin da ya fi cin lokacinmu a bana shi ne ɗanyen katako. Kusan duk ƙarar da aka kawo wa kwamitin sulhu a kansa take: tebur ya tsage a tsakiya, ƙofar wadirof ta murɗe ta ƙi rufuwa, gadon amarya ya fara ƙara tun ba a yi wata uku da tarewa ba. Iyayen yarinya su zo ransu a ɓace, kuma da gaskiyarsu. Katakon da ake kawo mana Kano daga dazuzzukan kudu, irin su loko da obeche da melaina, da ruwansa yake zuwa. Idan aka yanka shi aka haɗa a watan Agusta, sai hunturu ya shigo, damshin iska ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, katako ya fara ƙanƙancewa. Kuma ta faɗinsa yake tsukewa, tsawonsa kusan bai motsawa. Shi ya sa faffaɗan saman tebur da aka danne da ƙusa ta ko'ina ba shi da mafita sai ya tsage.

Don haka muka yi zaman koyarwa a kan shanya katako: a ɗaga shi daga ƙasa, a jera shi a inuwa da 'yan sanduna tsakanin kowane falle domin iska ta ratsa, a shafa fenti a bakin kowane katako don kada ya dare daga can, a ɗora nauyi a sama. Ƙungiya ta sayi ƙaramar na'urar auna damshin katako, tana hannun ma'aji, kowa na iya aro. Wasu dattawanmu sun yi mata dariya, sun ce su da ƙwanƙwasawa da ɗagawa suke ganewa. Mun gwada su da ita a gaban jama'a, kuma sau da yawa ba su yi kuskure ba. To amma yaron da shekararsa biyu kacal a shago bai da wannan kunnen.

Zama na biyu a kan haɗi ne. Ƙusa da gam sun sangarta mu. Wani tsohon ubangidanmu, wanda hannunsa har rawa yake yi yanzu, ya zauna ya fafe rami a ƙafar kujera, ya fere harshe a jikin ɗaya katakon, ya zura, ya buga turken itace ya kulle. Babu ƙarfe ko ɗaya a ciki, amma ƙato ya hau ya yi tsalle ba ta ko girgiza ba. Ya kuma nuna yadda ake yi wa allon ƙofa gurbi a cikin firam a bar shi sakayau, ba a manna shi da gam ba, domin ya kumbura da damina ya tsuke da rani ba tare da ya fasa komai ba. A ganina wannan yinin ya fi duk sauran abin da muka yi a shekarar amfani, kuma abin takaici ne yadda masu manyan shaguna da yawa suka turo yara su kuwa ba su leƙo ba.

Sai maganar zane. Mun daɗe muna kwaikwayon hotunan da masu saye ke nuno mana a waya, kayan Turkiyya da na Dubai, alhali da injin masana'anta aka yi su, mu kuma da zarto da sanfefa muke fama. Kwamiti ya kai masu koyo Gidan Makama, inda suka ga rufin azara da yadda magina na da suka jera ta, daga nan muka bi ta Kasuwar Kurmi wajen masu sayar da kayan sassaƙa. Yaran sun ga akushi da kujerar tsuguno da aka fitar daga gungume guda da gizago, da allon karatu na itacen aduwa. Abin da ya biyo baya ya faranta mana rai. Wani ya sassaƙa dagi a kan gado, wani ya ɗauko aska takwas daga wuyan babbar riga ya mayar da ita jikin ƙofar kabad. An kuma yi ɗan gajeren teburin cin abinci na zaman tabarma, wanda tun a wurin nuni aka yi cinikinsa. Ba duka ne suka yi kyau ba. Akwai wanda ya cika ado har katakon ya ɓace a ƙarƙashinsa, dattawa kuma ba su ɓoye masa ba.

Game da itatuwanmu na gida, wajibi ne mu faɗa wa juna gaskiya. Madobiya ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirrai masu barazanar ƙarewa, ta sa wa ido tun 2017, saboda yadda aka riƙa kwasarta zuwa Sin. A taron CITES na Panama a Nuwamban 2022 an ƙara da maɗaci da ƙawo. Dokar a kan fitarwa ƙasashen waje take, amma mu ma a kasuwa muna gani: falle mai faɗi na maɗaci ya zama sai an tona, ƙirya kuma masu gawayi sun riga mu. Matsayar kwamiti ita ce kada ɗan ƙungiya ya sayi katakon da bai san hanyarsa ba, kuma guntaye a daina ƙona su, a tara wa masu koyo su yi kujerun yara da akwatuna.

Tsadar aiki ba sai na faɗa muku ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, kuɗin mota da na janareta suka haɗiye ribar da yawanmu, shi ya sa wasu suka koma MDF, wato allon da ake yi da garin katako da gam. Ba mu hana kowa ba. Sharaɗi ɗaya ne: a gaya wa mai saye abin da yake saye, a kuma gaya masa ba ya shiri da ruwa. Wanda ya lulluɓe MDF ya sayar da sunan katako, kwamitin ladabtarwa zai kira shi.

Abin da muka gaza: rumfar shanya katako ta haɗin gwiwa da muka yi alkawari bara ba ta samu ba, saboda ba mu daidaita da mai filin ba. Sayen katako a dunƙule ma ya tsaya, don rabinmu ba su kawo nasu kason a kan lokaci ba. An yaye masu koyo, an ba kowannensu zarto da guduma da awo, an kuma taimaka wa ɗan uwanmu da injin yanka ya ji wa rauni a hannu.

Ma'aji zai karanta lissafin shiga da fita a babban taro bayan ƙaramar Sallah, a nan ne kuma za a sake duba batun rumfar. Masu bashin kuɗin wata su biya kafin ranar. Duk mai zuwa ya taho da yaro ɗaya daga shagonsa da kuma aiki ɗaya da aka haɗa ba ƙusa.

Wassalam.
Sakatare, a madadin kwamiti.