Wasiƙa zuwa Ingila kan maganar tantin nan

Zariya, daren Juma'a

Assalamu alaikum mutumina,

Da fatan kana lafiya, ya karatu, ya sanyin garin, ya kuma kewar gida. Mu nan Alhamdulillahi, damina ta tattara, ana ta girbin masara ta wajen Shika da Giwa, da asuba kuma har an fara jin ɗan sanyi-sanyi. Umma tana gaishe ka sosai, kullum sai ta tambaya ko kana samun abinci mai kyau a can.

Na ga hotunan tantunan da ka turo min a WhatsApp. Na so in yi maka saƙon murya sai na ga maganar da tsawo, ga lambobi a ciki da gara ka gan su a rubuce ka shiga shago da su a wayarka. Tunda kai za ka sayo kafin ka taho a Disamba kuma kuɗin namu ne mu biyu, bari in faɗa maka abin da nake gani tsakani da Allah. Dan Allah kar ka bi wanda ya fi kowanne rashin nauyi kawai. Masu shagon nan da ka ce suna ta yaba maka shi, duwatsun Sikotland suke tunani da yayyafinsu da ciyawarsu mai laushi, mu kuwa inda za mu kafa shi akwai sauro, akwai ƙaya, akwai falalen dutse da ko allura ba ta shiga, ga ƙurar hunturu ga rana mai cin yadi. Tantin da zai iya da ƙasarmu muke nema, in ya so a cikin irin waɗannan sai ka zaɓi mara nauyi.

Nauyin ma ban ce a yi wasa da shi ba fa. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce cif, kuma a zafin nan namu ba mai hankalin da zai hau dutse da ƙasa da lita 3 a bayansa, ga abinci ga bargo ga shimfiɗa ga tocila ga fawa banki, kafin ka ankara jaka ta yi jibgi. Don haka ni iyakata kilo 2 a tantin mutum biyu, in ka samu tsakanin 1.5 da 1.8 toh ya yi daidai. Amma ka lura, nauyi iri biyu suke rubutawa a jikin kwali. Ƙaramar lambar ba ta haɗa da turaku da igiyoyi da jakar da ake zuba shi ba, babbar ita ce ainihin abin da zai hau bayanka, ita za ka duba. Kuma ai raba shi za mu yi, kai ka ɗauki sanduna da turaku ni in ɗauki yadin, kaga nauyin ya ragu wa kowa.

Abin da na fi damuwa da shi shi ne ya zama mai falle biyu. Wato na ciki gidan sauro ne mai zif wanda aka ɗinke shi da ƙasan tantin, sannan rigar ruwa daban da ake yafa masa a sama. Wancan koren da ka fi so falle ɗaya ne, shi ya sa ba shi da nauyi, amma ka san me ke faruwa da daddare? Numfashinmu da guminmu da danshin ƙasa duk suna tashi su haɗu da yadin da ya yi sanyi, sai su zama ɗigon ruwa kamar yadda kake gani a cikin murfin tukunya, ka motsa kaɗan kanka ya taɓa sai ruwa ya zubo maka a fuska da bargo alhali ko ɗigon ruwan sama ba a yi ba. A mai falle biyu danshin yana ratsa raga ya tsaya a rigar waje ya gangare ƙasa, kai kana ciki a bushe. Sannan ga babbar fa'idar da su can ba za su gaya maka ba don ba su san zafin Maris da Afrilu ba: a bazara cire rigar za mu yi gaba ɗaya mu kwana cikin ragar kawai, iska na shiga ta ko'ina, sauro na waje, kunama da cinnaku ma na waje. Wallahi wannan kaɗai ya isa a ɗauki ƙarin giram ɗari uku ko huɗu. Zazzaɓin cizon sauro a tsakiyar daji ba abin da za mu saya da rashin nauyi ba ne. Ka duba ragar da kyau ta zama mai ƙananan ido sosai, don a bakin rafi akwai 'yan mitsi-mitsin ƙwari masu cizo da ke wuce ragar da ba ta da matsi.

Kar ka yarda su sayar maka da wanda suka ce na yanayi huɗu ne. Wannan na dusar ƙanƙara ne, cikinsa yadi ne a rufe ruf, ga nauyi ga tsada, mu gasa mu kawai zai yi. Na yanayi uku ya ishe mu har Mambila.

Sai maganar tsayuwa. Akwai waɗanda ba su da sandunan kansu, da sandar dogarawar matafiyi ake ɗaga su sannan a ɗaure su tamau da turaku ta kowane gefe, in turke ɗaya bai shiga ƙasa ba shikenan tanti ya kwanta. Toh ka tuna yadda dutsen Kufena na nan Zariya yake, ka tuna duwatsun Shere na Jos, wani wurin falalen dutse ne zalla, wani wurin kuma ƙasar hunturu ce da ta bushe ta yi tauri har turke ya lanƙwashe bai shiga ba. Mu wanda ke tsayawa da ƙafarsa muke so, wanda in ka zura sanduna ya miƙe da kansa har ka iya ɗaga shi ka matsar da shi in ka ji tsakuwa a ƙarƙashinka, in ba wajen turke sai mu ɗaura igiyoyin a manyan duwatsu. Sandunan kuma lallai na alminiyam. Wani abokin tafiyarmu ya taɓa sayen mai sandunan fayiba a kasuwa don araha, iskar hadari ɗaya ta tsage masa sanda gida biyu, tsinin ya huda rigar, haka ya kwana a jiƙe yana rawar sanyi, abin ya ba ni tausayi ƙwarai. Alminiyam in ya sha wuya lanƙwashewa yake yi, ana iya lallaɓa shi a ƙarasa tafiya. In ka ga an rubuta DAC a jikin sanda, kamfanin Koriya ta Kudu ne da manyan masu yin tanti ke sayen sanduna a wajensa, alama ce mai kyau. Ka tabbatar akwai ɗan guntun bututun gyara a cikin jakar, wanda ake zurawa a kan inda sanda ta karye, sannan ka ƙaro turaku masu kusurwa uku ko da guda 6 ne, sun fi siraran nan masu kama da waya riƙe ƙasa.

Yanzu lambobin. Za ka ga an rubuta wani abu kamar 1500mm ko 3000mm. Yadda suke aunawa shi ne a ɗora bututun ruwa a tsaye a kan yadin a ga tsawon ruwan da zai jure kafin ya fara tsattsafowa. Rigar sama kar ta gaza 1,500, in ka samu 2,000 zuwa 3,000 ya fi, don ka san ruwan Agusta a nan ba yayyafi ba ne, da iska yake zuwa yana dukan abu ta gefe, kuma ina so tantin nan ya yi mana har damina ba Disamba kaɗai ba. Ƙasan kuma 3,000 zuwa sama, saboda in ka durƙusa nauyinka na matse ruwa ya ratso. Ka juya rigar ka duba ɗinkin, ya zama an manne shi da tef ta ciki, don ta ramin allura ruwa ya fi shigowa.

Ɗaya lambar mai harafin D kaurin zare ce, 15D, 20D, 40D, haka. A sama 20D ya yi. A ƙasa ne nake jin tsoro, don ƙarangiya da tsaida da guntayen kara bayan girbi ba sa ragawa siririn yadi, don haka in ƙasan bai kai 40D ba dole a shimfiɗa wani abu a ƙarƙashi. Wannan ba sai ka kashe fam a kansa ba, zan sayi leda mai kauri a kasuwar Sabon Gari in yanka daidai girmansa, har in ɗan rage ta kaɗan, don in ta leƙo waje ruwa take tarowa ta kai shi ƙarƙashinmu. Yadin kansa ko nailan ne ko foliyesta. Nailan ya fi ƙarfi a rashin nauyi amma in ya jiƙe saki yake yi sai an tashi an ƙara ɗaure igiya, kuma rana ta fi saurin cinye shi, foliyesta bai cika saki ba kuma ya fi jure rana, in ka samu zaɓi ni shi na fi so mana. Akwai wani da ake kira Dyneema, ba nauyi ko kaɗan kuma ruwa ba ya kama shi, amma ɗaruruwan fam ne, ka bar musu kayansu, kuɗin ya fi amfani a takalma masu kyau da kuɗin mota.

Girma kuma, kai dogo ne, kar ka ɗauki wanda tsawonsa bai kai santimita 210 ba, faɗin kuma wajen 125 zuwa 130 don shimfiɗa biyu su shiga. Ka cire takalmi ka shiga ka kwanta a cikin wanda suka kafa a shagon, ka zauna ka ga ko kanka na taɓa sama. In da hali mai ƙofa biyu, don wanda ya tashi alwalar asuba kar ya tsallake ɗan'uwansa, kuma kowace ƙofa da 'yar rumfarta ta ajiye jaka da takalma. Launi kuwa kore mai duhu ko ruwan ƙasa, bana son mai ɗaukar ido da za a hango daga nesa, ka san halin da ake ciki a dazuzzukanmu.

Cikin waɗanda ka turo, MSR Hubba Hubba da Big Agnes Copper Spur duk sun cika yawancin sharuɗɗan nan, ƙofa biyu, suna tsayawa da kansu, ba su kai kilo 2 ba, sai dai ga tsada ga siririn ƙasa. Naturehike na 'yan Chaina ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, sai dai Cloud Up ɗin nan ƙofa ɗaya ce a gaba kuma ya ɗan matse. Ka leƙa shagon Decathlon ma kafin ka yanke. In ka ce na hannu za ka saya ba laifi, amma ka shinshina shi ka shafa cikin rigar, in ka ji yana danƙo ko yana wani wari ko fatar ciki na ɓarewa toh maganin hana ruwan ya lalace, zafi da danshi ke jawo haka, kuma ba ya gyaruwa da sauƙi. Shi ya sa namu ma in ya zo ba za mu naɗe shi a jiƙe ba, ba kuma za mu bar shi a but ɗin mota ko ɗakin kwano mai zafi ba. Zif ɗin kuma tsohon buroshin haƙori za mu riƙa goge masa ƙura da shi, ba a sa masa mai don ƙurar mannewa take yi.

Abu ɗaya da nake so mu yi alkawari tun yanzu, ba wuta a cikin tanti, ko risho ko gas ko garwashin gawayi, komai sanyin da za a yi. Hayaƙin da ke kisa ba ya wari ba ya launi, mutum barci kawai yake yi ya zarce, ga yadin kuma da saurin kamawa. Haka in hadari ya haɗo ba a kwana a ƙololuwar dutse don tanti ba ya kare tsawa, ba a kuma kafawa a busasshen kwari don ruwa na iya saukowa daga inda ba ka ga an yi shi ba.

Shirin da nake gani, in ka iso mu fara kafa shi a tsakar gida mu watsa masa ruwa da bokiti mu gani, sannan mu gwada shi ta wajen Kufena bayan mun gaida masu unguwar wurin mun nemi izininsu. Daga nan Shere, mita 1,829, mu ji yadda ƙafafunmu da jakunkunanmu suke. Chappal Waddi kuma, mita 2,419, mafi tsawo a Najeriya, yana cikin gandun Gashaka-Gumti a Taraba kan iyakar Kamaru, wannan sai mun tuntuɓi ofishin gandun da ke Serti sun haɗa mu da masu rakiya, kuma sai mun ji labarin hanya daga bakin mutanen can. Sanyin saman ba na wasa ba ne, don haka ka haɗo da jakar barci guda biyu in kuɗin ya kai, in bai kai ba ka faɗa min in ƙaro maka.

Ka turo min hoton takardar jikin duk wanda ka tsayar kafin ka biya. Ka gaida 'yan'uwa Hausawa da kuke tare, Allah Ya ba da sa'ar jarrabawa, Ya kawo ka gida lafiya.

Naka,
abokinka na Tudun Wada