Kafin a hura murhun ɗumi a Jos, a leƙa bututun hayaƙi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini mu ja hankalin masu gidaje a Jos da kewaye tun hunturu bai kankama ba. Gidajen da aka gada tun zamanin haƙar kuza, a Rayfield da Bukuru da Barikin Ladi, da yawansu suna da murhun ɗumama ɗaki da bututun hayaƙi na jan bulo. Duk shekara, da sanyin Disamba ya sauko, sai a kwaso itace a hura wuta, ba wanda ya leƙa cikin bututun tun bara ko bara waccan.

Hayaƙi idan ya hau bututu mai sanyi yakan bar wani baƙin maiƙo a bangon ciki. Da farko kunkunniya ce mai laushi, hannu ma yana kakkaɓe ta. Idan aka bar ta sai ta yi ɓawo, daga nan ta daskare tana ƙyalli kamar kwalta, kuma wannan ita ce mai kama wuta. Zafinta kan haura digiri 1,000, ya fasa bulo, ya lashi katakon rufi, mutanen gida suna falo ba su sani ba sai maƙwabta sun hango tartsatsi a sama. Babban mai jawo ta ɗanyen itace ne. Itacen turare da ya cika Filato yana ci da kyau, amma sai an faskare shi an jera a inuwa mai iska wata 6 zuwa shekara guda. Busasshe za ka ga bakinsa ya tsattsage, in ka haɗa biyu ka buga su yi ƙara. Wanda ke tsiyayar da ruwa yana kumfa a cikin wuta bai bushe ba. Leda da tsohuwar taya da katako mai fenti kuwa kada su kusanci murhu.

Dubawar ba ta da wuya. Da rana, murhu a sanyaye, a sa madubi da tocila a haska sama. In ba a ga hasken rana ba, mai yiwuwa akwai abin da ya toshe, galibi sheƙar tsuntsu ko bulon da ya zame. A kankari bangon da ƙarfe. Kaurin baƙin ya kai milimita 3, lokacin shara ya yi. A rufe bakin murhun da tampol, a hau rufi da buroshin waya daidai faɗin bututun, a ɗaure shi a igiya da wani abu mai nauyi, a yi ta ja sama da ƙasa har ya daina zubowa. Bayan haka a ƙona ɗan ciyayi, mutum ɗaya ya shiga cikin silin da tocila. Duk inda hayaƙi ya ɓullo, tsaga ce, sai magini ya cike ta kafin a sake hura wuta. Wannan tsagar ce kuma ke shigo da iskar nan mai guba marar wari da ke kashe mutane cikin barci.

A saman rufi a duba abu uku. Bututun ya ɗara kwano da aƙalla ƙafa 3. Kwanon da aka naɗe gindinsa da shi kada ya zama ya ɗage ko ya yi tsatsa, don ruwan Jos mai yawa ne, ta nan yake bi ya ruɓar da katako. Sannan a sa wa bututun hula mai raga. Katako kuma kada ya jingina da bulo, a bar tazarar inci 2.

Inda ya fi damunmu shi ne inshora. Mutane na ɗauka da zarar sun biya kuɗin shekara shi ke nan. Inshorar gobara tana biyan ɓarnar da ta faɗo kwatsam, amma ba ta biyan bututun da tsufa da sakaci suka cinye. Yawancin takardun suna da sharaɗin cewa mai gida zai kula da gininsa gwargwadon hali, kuma jami'in da kamfani zai turo ya ƙiyasta asara ya san bambancin bututun da aka share da wanda ya shekara 10 ba a taɓa ba. Saboda haka a karɓi rasit mai kwanan wata daga wanda ya yi aikin, a ɗauki hoto kafin da bayan shara, a ajiye kwafi a waya. Wanda ya gina tandar burodi a bayan gida ya sanar da kamfanin a rubuce, don ɓoye irin wannan kan sa a ƙi biya gaba ɗaya. Wanda bai natsu da inshorar da aka saba ba, akwai kamfanonin takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, da hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ba lasisi, sai dai su ma za su nemi waɗannan shaidu.

A kuma sake duba adadin kuɗin da aka rubuta a takardar inshorar. Idan sake gina gidan zai ci naira miliyan 40 amma aka yi masa inshorar miliyan 20, gobara ta yi ɓarnar miliyan 10, miliyan 5 kawai za a biya. Da yadda kuɗin siminti da kwano suka tashi, adadin shekara 3 da suka wuce ba zai riƙe ba.

In Allah ya ƙaddara bututu ya kama, za a ji yana ruri kamar iskar hadari. A fitar da kowa, a zuba yashi a murhun, a rufe ƙofofi, a kira 'yan kwana-kwana. Kada a kwarara ruwa ta sama, bulo mai zafi tsagewa yake yi. A karɓi rahotonsu a rubuce, a sanar da kamfanin inshora nan take, kuma kada a taɓa gyara komai sai jami'in kamfanin ya zo ya gani.

Mun gode da wannan dama.

Wasu magina da wani dillalin inshora,
Bukuru, Jos.