Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Yaɗa Labarai Kan Albashin Wakilan Kafafen Labarai

Mai girma Minista, Alhaji Mohammed Idris Malagi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto maka ne a kan abin da ake biyan wakilan jaridu da na gidajen rediyo da talabijin, wato ma'aikatan da ke zaune a jihohi suna aika rahoto zuwa hedkwata. Na ga ya dace maganar ta zo gare ka saboda ba baƙo ba ne kai a wannan fage. Kafin a naɗa ka minista a watan Agustan 2023, an san ka a matsayin mawallafin jaridar Blueprint, kuma ka riƙe muƙamin babban sakataren ƙungiyar masu gidajen jaridu ta ƙasa. Ka san harkar daga kujerar mai biyan albashi, ni kuwa na san ta daga bencin masu jiran a biya su, don haka ina ganin za mu fahimci juna ba tare da doguwar shimfiɗa ba.

Idan aka tambaye ni nawa wakilin labarai ke samu a wata a Najeriya, amsar gaskiya ita ce ya danganta da wanda ya mallaki gidan da yake yi wa aiki, fiye da yadda ya danganta da ƙwarewarsa ko wahalar da yake sha. Wakilai uku za su iya tsayawa a gaban gwamna guda, su miƙa na'urar naɗar murya tare, su rubuta labari iri ɗaya, amma a ƙarshen wata na farko ya karɓi abin da zai riƙe iyalinsa har ya yi ajiya, na biyu ya karɓi abin da ba zai kai shi tsakiyar wata ba, na uku kuma ya tashi a tutar babu. Na farkon galibi shi ne mai yi wa kafar ƙetare aiki, irin su BBC da DW da RFI, ko ɗaya daga cikin manyan gidajen cikin gida ƙalilan da suka riƙe amanar biyan albashi a kan kari. Na biyun ma'aikacin kafar gwamnati ne, wanda idan ya shigo da digiri ake ɗora shi a mataki na 8 kamar kowane ma'aikacin ofis, ko da yake shi ba ya tashi ƙarfe huɗu, ba shi da Asabar ba shi da Lahadi, kuma ranar Sallah ma a filin idi aiki yake yi. Na ukun shi ne dalilin wannan wasiƙa, domin ire-irensa ne suka fi yawa a sakatariyoyin 'yan jarida na jihohinmu.

Wannan na ukun ana ɗaukarsa aiki ne da baki, ba takardar yarjejeniya, ba fansho, ba inshorar lafiya. Abin da ake danƙa masa shi ne katin shaida mai tambarin kamfani, a kuma gaya masa, a fakaice ko ƙarara, cewa da wannan katin zai ci abinci. Wani ana yi masa alkawarin wani abu a kan kowane rahoto da aka buga ko aka watsa, wanda ke nufin duk rahoton da edita ya ajiye, wahalarsa ta tafi a banza. Wani kuma ana ce masa ya nemo talla ya ɗauki kasonsa, sai wakilin ya zama ɗan kasuwa da rana, ɗan jarida da yamma, yana roƙon shafin taya murna daga hannun kwamishinan da ya kamata ya yi wa tambaya a kan kwangilar da ba a kammala ba. Akwai kuma masu albashi a takarda, waɗanda ke bin bashin watanni, su kuma ba su isa su bari ba, domin wanda ya ajiye aiki ya yi sallama da bashinsa ke nan. Tsofaffin ma'aikatan New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da aka kafa a Zariya a 1939 wadda ta koya wa Arewa karatun jarida, sun shafe shekaru suna bin haƙƙoƙinsu, alhali gwamnatocin jihohin Arewa ne da kansu mamallakan kamfanin.

Ranka ya daɗe, za a iya cewa ai akwai dokar mafi ƙarancin albashi, wadda Shugaban Ƙasa ya sa wa hannu a watan Yulin 2024, ta ɗaga shi daga naira 30,000 zuwa naira 70,000. To amma dokar ba ta hau kan wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma ba ta shafi wanda ake biya da kamasho ko gwargwadon yawan aikin da ya kawo ba. Waɗannan togaciya biyu kuwa kamar don wakilin labarai aka rubuta su: yawancin jaridun intanet da suka yi yawa a 'yan shekarun nan ba su da ma'aikata 25, manyan gidajen kuma sun gane cewa muddin suka kira mutum mai aiko da rahoto ba cikakken ma'aikaci ba, sun kuɓuta. Haka nan Dokar Ƙwadago, wadda ta wajabta a bai wa ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku, ta fitar da masu aikin ƙwarewa daga ma'anar kalmar ma'aikaci, sai ɗan jarida ya tsinci kansa a tsakani. Kotun Ma'aikata tana nan, amma wanda ba shi da kuɗin mota zuwa wurin taro ba shi ne zai ɗauki lauya ba, balle ma ba shi da wata takarda da zai nuna wa alƙali.

Ga kuma abin da aikin kansa ke ci. Wakilin jiha shi ke sayen wayarsa da datarsa, shi ke zuba mai a babur ko motarsa. Litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 kafin 29 ga Mayu 2023 ta haura naira 1,000 a cikin 2024. Idan aka kai hari wani ƙauye mai nisan tafiyar awa uku daga babban birnin jiha, wakilin yana da zaɓi biyu: ya je da kuɗin aljihunsa, ya hau ɗan acaɓa daga inda kwalta ta ƙare, ya ga kaburbura da idonsa, ya ji ta bakin waɗanda suka tsira, ko kuma ya zauna a sakatariya ya jira sanarwar kakakin 'yan sanda a WhatsApp. Mafi yawa na biyun suke zaɓa, ba don lalaci ba. Wannan ne ya sa sau da yawa adadin mamatan da ke cikin jarida ya sha bamban da wanda mutanen garin suka yi wa sallah, kuma ya sa jaridu biyar ke fitowa da labari guda, kalma a kan kalma, har da kuskuren rubutun da ke cikin sanarwar.

A nan ne ambulan ke shigowa. Duk wanda ya taɓa halartar taron manema labarai ya san abin da ke biyo bayan addu'ar rufewa. Takarda ce ke zagayawa, kowa ya rubuta sunansa da gidan da yake wakilta, wani lokaci har da lambar asusu. Mai gayya ya tafi, amma ba wanda ya motsa. Can sai jami'in hulɗa da jama'a ya ja mutum ɗaya gefe ya miƙa masa kuɗin mota, a koma ƙarƙashin bishiya a raba, wakilin babbar jarida da na talabijin su ɗauki kaso mai tsoka, saura su raba abin da ya rage. Na ga dattijo mai furfura, wanda ya koya wa da yawa daga cikinmu rubuta kan labari, yana tsaye a rana yana jiran rabonsa domin a gida an ce masa babu cefane. Kundin ɗa'ar aikin jarida da aka amince da shi a Ilorin a 1998 ya haramta karɓar irin wannan, ya kuma ce neman kuɗi kafin a buga labari ya saɓa wa ma'anar labari, kuma ba na neman a sassauta wannan ƙa'ida. Amma Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Inda aka fi ganin askin shi ne a fadojin gwamnatin jihohi, domin wurin da aka tura wakili yana cikin manyan abubuwan da ke yanke abin da zai samu: mai bin gwamna ko majalisa yana cikin ni'ima, mai bin asibitoci da makarantun firamare da kotunan majistare yana cikin fari. Shi ya sa kowa ke rububin fagen siyasa, aka bar lafiya da ilimi da noma ga sababbin shiga. Sashe na 22 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa 'yan jarida nauyin bin diddigin gwamnati a madadin jama'a, amma ban ga yadda mutum zai bi diddigin wanda ke biya masa kuɗin makarantar 'ya'ya ba.

Ba zan yi wa masu gidajen jarida rashin adalci ba. Takardar buga jarida daga waje ake shigo da ita tun bayan da masana'antar Oku Iboku ta durƙushe, kuma faɗuwar darajar naira tun daga tsakiyar 2023 ta ninka farashinta. Gidajen rediyo da dizal suke kwana suke tashi. Talla ta koma Facebook da Google, wadda ta rage kuma mafi yawanta ta gwamnati ce, ga jinkirin biya, ga sharaɗin da ba a rubutawa. Duk da haka, mun ga gidajen da ke kukan babu suna buɗe sababbin tashoshi, mun kuma ga 'yan siyasa suna kafa rediyo gab da zaɓe ba tare da sun yi lissafin albashin wata shida ba. Ita ma inuwar kafafen ƙetare ba ta da tabbas kamar da: a watan Maris na 2025 umarni guda daga fadar shugaban Amurka ya tsayar da aikin Muryar Amurka, har da sashen Hausa da aka buɗe tun 1979, wakilansa a Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru suka wayi gari ba hanyar samu.

Abin da nake roƙo yana cikin ikonka. A watan Agustan 2022 hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta sanar da soke lasisin tashoshi 52 saboda bashin kuɗin lasisi na sama da naira biliyan 2. Idan hukuma za ta iya ɗaga sanda saboda bashin da take bi, za ta iya tambayar tasha, lokacin sabunta lasisi, shaidar cewa ta biya ma'aikatanta, ta zuba musu kason fansho da dokar 2014 ta tanada, ta kuma yi musu rajista da asusun NSITF na biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki. Na san wasu abokan aiki za su ji tsoron kada a mayar da wannan makamin rufe bakin tashoshin da ba sa yabon gwamnati, kuma tsoron yana da tushe, don haka ya kamata ƙungiyar 'yan jarida ta NUJ da ta ma'aikatan rediyo da talabijin ta RATTAWU su kasance cikin masu tantancewa, ba jami'an ma'aikata kaɗai ba. Hanya mafi sauƙi ma ita ce ta talla: kada ma'aikata ko hukumar tarayya ta ba da talla ga gidan da ma'aikatansa ke bin bashin albashi, ita kuma gwamnati ta riƙa biyan kuɗin tallar da ta bayar a kan lokaci, domin wani ɓangare na bashin albashin nan daga teburinta ya samo asali.

Bayan haka akwai buƙatar zaman yarjejeniya tsakanin masu gidaje da ƙungiyoyin ma'aikata, wadda za ta tsayar da mafi ƙarancin abin da za a biya wakili, da mafi ƙarancin kuɗin rahoto guda ga mai aiko da rahoto, da wanda zai ɗauki nauyin sufuri da data. Ba sabon abu ba ne a duniya. Indiya ta yi dokar 'yan jarida ma'aikata tun 1955, ta riƙa kafa kwamitocin tsayar da albashinsu, kuma a 2014 Kotun Ƙolin ƙasar ta yi watsi da ƙarar masu jaridu da suka ƙalubalanci tsarin. Maƙwabciyarmu Nijar ma ta rattaba hannu a kan irin wannan yarjejeniya a 2021. Kai ne ka fi kowa dacewa da kiran wannan zama, domin masu gidajen abokanka ne, kuma ba za su ce maka ba ka san ciwonsu ba. A cikin gidanka kuwa, wato NTA da Rediyon Najeriya da kamfanin dillancin labarai na NAN da Muryar Najeriya, ƙungiyoyin ma'aikata sun daɗe suna neman tsarin albashi na musamman kamar yadda likitoci da malaman jami'a ke da nasu, kuma duk abin da tarayya ta yi a nan, shi jihohi za su kwaikwaya a gidajen rediyonsu.

Akwai kuma batun rai. An harbe Zakariya Isa na NTA a Maiduguri a watan Oktoban 2011, an kashe Enenche Akogwu na gidan talabijin na Channels a Kano ranar 20 ga Janairu 2012 yana tsaka da ɗaukar rahoton hare-haren ranar. Yau wakilai a Zamfara da Katsina da Sakkwato da Borno da jiharka ta Neja suna bin hanyoyin da jami'an tsaro ba sa bi sai da rakiya, kuma da yawansu ko takardar da za ta tabbatar wa iyalansu cewa a bakin aiki suke babu. Ina roƙon a wajabta inshorar rai da ta rauni ga duk wakilin da aka tura yankin rikici, ko cikakken ma'aikaci ne ko mai aiko da rahoto, a kuma fara da hukumomin da ke ƙarƙashin ma'aikatarka a kasafin kuɗi mai zuwa.

Allah Ya yi maka jagora. Wassalam.

Naka,
Wani tsohon wakilin jarida daga Arewa maso Yamma