Yusef Lateef, mabushin Amurka da ya zo Zariya neman ilimin sarewa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in yi magana a kan marigayi Yusef Lateef, wanda masu sharhin kiɗa a Turai da Amurka suka daɗe suna jinjina masa, alhali mu da muke da haƙƙi a cikin aikinsa ko sunansa ba mu sani ba.

An haife shi a 1920, ya tashi a birnin Detroit, ya rasu a 2013. Ya fara da jaz, wato wani salon kiɗa na baƙaƙen fatar Amurka, ya kuma yi karatun kiɗan gargajiyar Turawa, sai dai abin da ya fitar da shi daban shi ne kayan busar Asiya da ya shigo da su cikin ƙaramar ƙungiyar makaɗa. A faifansa na Eastern Sounds, da aka naɗa a 1961, su huɗu ne kacal, kuma a can ne ya busa shun, wata 'yar tukunyar busa ta yumɓu daga Sin, ya bar ta tana numfashi a hankali ba tare da ganguna sun danne ta ba. Ya kuma busa shehnai ta Indiya, wadda duk wanda ya taɓa jin algaita a ƙofar fadar Sarkin Katsinan Maraɗi ranar hawan salla zai gane 'yar uwarta ce tun daga busar farko.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne, daga 1981 zuwa 1985, mutumin da ya riga ya yi suna ya tattara ya zo Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ya zauna yana nazarin sarewar Fulani. Ya karɓi Grammy, babbar lambar yabon kiɗa ta Amurka, a 1988, amma a ganina zaman nan na Zariya ya fi lambar nauyi, domin ya zauna gaban makiyaya a matsayin ɗalibi.

Ina kira ga gidajen rediyonmu na Maraɗi da su ware ko rabin sa'a su saka kiɗansa, su gayyato mabusan algaita da na sarewa su saurara, su faɗa mana abin da kunnensu ya ji.

Naku,
Mai karatunku daga Maraɗi