Koke zuwa ga Mai Martaba Sarkin Katsinar Maradi kan masu bincike da ke shiga ƙauyukanmu

Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara wa Mai Martaba lafiya.

Mu malaman makaranta, ma'aikatan lafiya da tafintoci na jihar Maradi, mun kawo kukanmu kan yadda wasu masu bincike ke shiga ƙauyuka da mota da takardu, su ɗibi jini, su ɗauki hoto, su tafi ba a sake jin ɗuriyarsu. Ba bincike muke ƙi ba, ilimi ne. Yardar mutane muke so ta zama ta gaskiya.

Inda abin ke lalacewa, takardar yarda da Faransanci ake kawo ta. Tafinta ya dunƙule shafi uku cikin magana biyu, uwa ta dangwala yatsa tana goye da ɗa mai zazzaɓi, a zatonta magani aka kawo. In an ɗora mata sabulu ko jaka guda a hannu, kunya ba za ta bar ta ta ce a'a ba. Ba mu manta Kano ba, inda a 1996, lokacin annobar sanƙarau, aka sa yara kusan 200 cikin gwajin maganin Trovan, iyaye da yawa suka ce ba su san gwaji ba ne.

Ranka ya daɗe, muna roƙon a umarci hakimai da masu gari kada su buɗe wa kowa ƙofa sai ya nuna izinin kwamitin ɗa'ar bincike na ƙasa. A karanta takardar yarda gaba ɗaya da Hausa, gaban shaidar da gari ya zaɓa. A faɗi kwalba nawa za a ɗiba, ina za a kai jinin, yaushe za a zubar da ragowar. Izinin mai gida ba ya maye bakin matarsa, mace ta shiga ta tambaye ta ita kaɗai. Wanda ya ƙi, kada a rage masa kulawa a likita.

Haka sirrin masu maganin gargajiya da irin gero da wake na kakanni: yarjejeniyar Nagoya da ƙasashen duniya suka ƙulla a 2010 ta ce sai da yardar masu abin, a kuma raba amfani da su. Kada a ɗauki hoton wasan bori ko na yaro mai tamowa sai masu shi sun amince.

A daina zuwa lokacin noman fari. In an gama, su dawo ƙofar mai gari su faɗi abin da suka gano, da Hausa.

Muna jiran umarnin Mai Martaba. Allah ya taimaki Sarki.